Fedar da Osmo Harju Ya Bari Babu Murfi

Osmo Harju ya rasu ranar Talata a makon ƙarshe na Maris, ƙanƙarar tafki ba ta ko fara tsagewa ba. Shekarunsa sittin da takwas. Ya bar 'ya ɗaya, Kaisa, da yayarsa Helmi, da gareji cike da gwangwanaye kowanne da sunansa a jiki. Ya bar ni ma, Lorne, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana zama a kan kifaffen bokitin fenti a gefen teburinsa yana miƙa masa kaya. Sai kuma wata feda ta jita da ya haɗa bai rufe ba. Kwana biyar fedar nan tana hana ni cin abinci. Yanzu da hankalina ya kwanta, zan iya faɗin ko wane ne shi ba tare da na ɓoye komai ba.

A nan Thunder Bay aka haife shi, a layin 'yan Finlan, a gidan da aka gina wa ɗakin gumi, na wankan tururi, tun kafin a yi masa banɗaki na ciki. Babansa saran katako yake yi a daji. Osmo bai bi shi ba, shi tun yana ƙarami duk abin da ke da waya a ciki sai ya buɗe shi. Ya yi shekara talatin da shida yana aikin lantarki a rumbunan hatsi na bakin tafki. Ya fito da kunne ɗaya mai nauyi, da tarin da ke dawo masa duk shigowar sanyi.

Ni kuwa bas na tuƙa har na ajiye aiki, kuma a bas ɗin muka haɗu. Ya shigo da jita a jaka, ya zauna a kujerar da ke bayana. Mun karya kwana sau biyu ko uku a hanya sai ya ce, "Direba, ƙwan siginarka na baya ya mutu."

"Daga nan ka hango shi?"

"Ji nake. Tana ƙiftawa da sauri kamar mai rashin gaskiya."

Da muka kai tasha na sauka na duba. Ya mutun. Daga ranar bai taɓa kirana da sunana ba sai Direba.

Osmo bai iya jita ba, gara in faɗa tun yanzu. Waƙa uku ya sani, kuma ya shekara arba'in yana ɓata su. Abin da ya iya shi ne haɗa feda, ɗan akwatin ƙarfen nan mai girman tafin hannu da ake sawa tsakanin jita da lasifika, a taka shi da ƙafa ya sauya sauti. Iri ɗaya yake yi, wadda ke sa sauti ya riƙa ɗagawa yana sauka. Masu kiɗan mashaya daga nan har garin Kenora sun san fedar Osmo. Tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, tsaf, ba ta barin saura.

Abin da ke wannan aikin a cikinta bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, mu opto muke ce masa. 'Yar fitila ce da ɗan ido mai jin haske, an haɗa su fuska da fuska a cikin duhu. Fitila ta haska, ido ya buɗe wa sauti hanya. Ta mutu, ya toshe. Babu wayar da ta haɗa su, haske ne kawai a tsakaninsu. Ana sayar da haɗaɗɗe a kanti, amma Osmo bai taɓa sa na kanti a fedarsa ba. Zai yanko baƙar robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ya zura fitila ta nan, ido ta can, har su haɗa goshi, ya bi ta da laita. Sannan ya toshe bakin nan biyu da baƙin fentin farce, don ko ɗigon haske ya shiga daga waje aikin ya lalace.

Saboda haka duk wata biyu za ka ga ƙaton mutum mai gemu, da takalmin aiki, tsaye a layin kantin magani riƙe da kwalbar fentin farce. Matar da ke kan kanta ba ta taɓa ƙyale shi ba.

"Osmo, shekara nawa kana saye, har yau ban ga farcen ba."

"Na ƙafa nake shafawa. In kina son gani, ranar Asabar muke hura ɗakin gumi."

"Allah ya tsare ni da ƙafarka."

Idanun kuwa ɗari-ɗari yake sayo su, kuma ba a samun biyu masu hali ɗaya. Ranar Asabar da safe, bayan mun ci fanke mun sha kofi, sai mu zauna auna su. Shi da mita, ni da agogo. Ya haska wa ido fitila, ya kashe, ni kuma in ƙirga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya yarda cewa duhu ya yi. Gwangwani uku ne: masu sauri, matsakaita, da malalata. Masu sauri yake sawa a feda. Matsakaita yana bai wa masu koyo. Malalata, waɗanda haske zai tafi su tsaya suna tunani, ba ya amfani da su, ba ya kuma zubarwa. Gwangwaninsu har ya cika ya sake wani babba.

Na taɓa ce masa, "Tsoho, me kake ajiyar waɗannan? Zubar da su mana."

Ya ce, "Kai na zubar da kai?"

Yana da doka ɗaya da duk mai wannan sana'a ya sani, amma shi ya riƙe ta kamar addini. Ba a ɗaura wa feda murfi sai an ji ta tana aiki. Sukuru huɗu ne a murfin, kuma a ganinsa wanda ya ɗaure su kafin gwaji, ya zo yana kwancewa, bai cancanci a ba shi aron filaya ba. Sau ɗaya na yi haka, a shekarata ta farko. Har ya mutu yana ba baƙi labarin.

Kaisa ce ta iya jita a gidan. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take ɗaukar waƙoƙin nan uku na babanta ta buga su yadda mai su ya nufa, shi kuma ya juya baya yana goge tebur don kada mu ga fuskarsa. Mahaifiyarta, Ruthanne, ta rasu Kaisa na da shekara goma sha tara. Daga nan gidan ya yi shiru. Ita da babanta halinsu ɗaya, ba mai iya buɗe baki ya ce abin da ke cinsa.

Ina wurin ranar da suka ɓata. Ya haɗa mata feda don zagayowar ranar haihuwarta, ya yi mata shuɗin fenti. Ta gwada, ta ɗan jima, ta ce, "Baba, tana da kyau. Amma sara take yi kamar gatari. Ni wadda nake so ita ce mai numfashi, kamar mutum yana barci a ɗaki kusa da kai."

"Shekara ashirin mutane na takawa, ba wanda ya ce gatari."

"Su kiɗan rawa suke yi. Ni ba shi nake yi ba."

"To je ki kanti. Suna da masu kwamfuta a ciki, har minshari za ta yi miki."

"Na riga na saya, Baba."

Ya miƙa hannu ya zare wayar daga fedar, ya ɗora ta a kan kanta ta sama, ya ce, "To ita ta zama ubanki."

Ba maganar feda ba ce, yanzu kowa ya sani. Wata biyar ke nan da binne Ruthanne, kuma a ɗakin da ke kusa da na Kaisa ta yi jinyarta. Numfashin uwarta take nufi, amma Osmo bai gane wannan ba a ranar, ni ma ban gane ba sai daga baya. Kafin bazara ta ƙare Kaisa ta koma Winnipeg. Shekara goma sha ɗaya suna waya ranar Kirsimeti kawai, su yi maganar dusar ƙanƙara da tayoyin mota, su ajiye. Na sha ce masa ya kira ta. Sai ya ce, "Miƙo min dalma, Direba."

A watan Nuwamban bara aka gano ƙari a kansa. Likita ya ce ba na cirewa ba ne. Helmi ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Ta girme shi da shekara shida, tsohuwar malamar jinya ce, ba ta san kwana-kwana a magana ba. A hankali abubuwa suka fara zame masa. Ya sa makullin mota a firiji. Ya tsaya a tsakiyar kicin da cokali a hannu bai san abin da ya kawo shi ba. Sau biyu ya kira Helmi Mama.

Bayan sabuwar shekara ya hana ni shiga gareji. Na zo ranar Asabar kamar kullum, ya tare ƙofa.

"Ina da aiki."

"Shekara talatin kana da aiki, ina zaune a ciki."

"Wannan ba na 'yan kallo ba ne. Je ka Helmi ta ba ka kofi."

Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka ba ya so in ga yadda hannunsa ke rawa. Helmi ta ce da hantsi yake shiga, ya yi awa ɗaya ko biyu, ya fito a gajiye ya kulle. Haka har ƙarshen Fabrairu, da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Kaisa ta iso saura kwana biyu ya rasu. Ta same shi yana barci. Ya buɗe ido sau ɗaya ya dube ta, bai kira sunan kowa ba.

Ranar Asabar aka binne shi. Washegari bayan coci Helmi ta ba ni makullin gareji, muka shiga mu uku. A tsakiyar tebur ga feda kwance, cikinta a sama, babu murfi, wayoyinta a waje. An manna farin salatif a gefenta, an rubuta Kaisa da hannu mai karkarwa.

Kaisa ta tsaya ba ta taɓa ba.

Helmi ta ce, "Kada ki ɗora wa ranki, 'yar nan. A watannin nan ba shi ba ne. Ni da ya kira Mama, me zai hana ya rubuta sunanki a kan gwangwani? Har a jikin butar shayi ya rubuta ranar wata."

"Gwaggo."

"Gaskiya nake gaya miki don kada ki wahala."

Helmi ba mugunta take yi ba. Wata huɗu tana wanke shi tana ciyar da shi, ta ga abin da mu ba mu gani ba. Da ta fita, Kaisa ta juyo wurina.

"Kawu Lorne, kai ka san aikinsa. Ka duba min. In tana aiki, to da hankalinsa ya yi ta, kuma da hankalinsa ya rubuta sunan. In ba ta yi, ka faɗa min. Ranar Juma'a zan koma."

Na ce to. Me zan ce?

Litinin da safe na kunna fitilar tebur, na zauna a kujerarsa karo na farko a rayuwata. Dalmar da ya narka duk tana da kyau, tana ƙyalli, ko ɗaya ba ta taɓa 'yar'uwarta ba. Na fara murna. Sai idona ya kai wurin opto.

Babu baƙar roba. Fitilar da idon tsirara suke. Ba su ma fuskanci juna ba, kowanne ya ɗaga kai yana kallon sama. A tsakaninsu kuma ya kafa ɗan yankin baƙin kwali a tsaye, kamar katanga, ya manne shi da gam. Mutumin da ya haɗa dubbansu goshi da goshi, shi ne ya raba waɗannan ya gina musu shinge.

Na duba tebur. Gwangwanin da ke buɗe na malalata ne. A layin kwalaben baƙin fentin farce kuma ga wata sabuwa, fara. Har launin ya ɓace masa, na ce a raina.

Duk da haka na jona jita da lasifika, na sa batir. Fitilar tana haskawa tana dusashewa yadda ya kamata. Na kaɗa tsirkiya. Sauti ya fito miƙe, babu ɗagawa babu sauka, kamar ba feda a tsakani. Na ce hasken tebur ne ya cika idon. Na kashe fitilar, na lulluɓe fedar da baƙin tawul. Sauti ya ɗauke gaba ɗaya. A haske ba ta motsi, a duhu ba ta magana. Na canza batir. Na canza waya. Na bi kowane layi da mita har sau uku. Komai daidai yake sai wuri ɗaya, wurin da Osmo ya fi kowa sani a duniya.

Talata na sake, Laraba na sake. Matata ta daina tambayata me ya sa nake dawo da abinci.

Ranar Alhamis na yanko baƙar roba. Aikin minti biyar ne. In fizge kwalin, in lanƙwaso su su haɗa goshi, in sa ido mai sauri, in bi da laita. Gobe in miƙa wa yarinyar feda mai aiki in ce ga abin da babanki ya bar miki. Ba wanda zai sani. Na riƙe filaya har ta taɓa ƙafar fitilar. Sai na tuna cewa da ta gama aiki sara za ta yi, irin na gatari. Kaisa za ta tafi da ita Winnipeg tana ganin babanta ya shekara goma sha ɗaya, ya zo bakin mutuwa, ya sake miƙo mata abin da ta ce ba ta so. Kuma ni ne zan sa masa wannan a baki, shi ba ya nan balle ya musa. Na ajiye filayar. Na zauna a bokitina na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Juma'a da hantsi suka zo, jakar Kaisa na cikin mota. Helmi ta kawo burodin kirfa a faranti.

Na ce, "Kaisa, ba ta aiki."

Ta gyaɗa kai.

"Dalmarsa duk lafiya. Amma wurin da ya fi muhimmanci ya juye masa. Na so in gyara in yi miki ƙarya. Ban yi ba."

"Na gode, Kawu."

Helmi ta dafa kafaɗarta, kuma wannan daga Helmi babban abu ne.

Kaisa ta sa yatsa ta shafi salatif ɗin. Ta ce, "Zan tafi da ita haka. Kada ka taɓa komai. Rufe min ita kawai, kada wayoyin su tsinke a jaka."

"Ba a rufe wadda ba ta yi ba." Bakina ne ya faɗa, ban ma yi tunani ba.

"Kawu Lorne, ba ya nan. Ba wanda zai hana ka aron filaya."

Sai a lokacin na lura kwana biyar ina zaune da fedar nan ban taɓa neman murfinta ba. Me zan yi da murfi, ba ta ci gwaji ba? Muka duba tebur, muka duba aljihunan teburin, muka ɗaga jaridu. Babu.

Helmi ta ce, "Ku duba firiji. Can yake ajiyar komai."

Ni kuwa idona ya faɗa kan tsohuwar 'yar tandar gasa burodi da ke kan kanta. A ciki Osmo yake gasa fentin akwatunansa don ya kama, a ciki kuma yake barin su su huce inda ƙura ba za ta sauka ba. Na buɗe. Ga murfin a kan ragar ƙarfen da ke ciki.

Na juya cikinsa. Ya shafe shi da baƙin fenti marar ƙyalli, gefe zuwa gefe. Wuri ɗaya ya bari, ya ɗiga farin fentin farce, da'ira mai girman kwabo, bakinta sumul. A kan baƙin kuma ga layukan fensir biyu da aka ja da rula, ɗaya daga gefen hagu, ɗaya daga sama, sun haɗu a tsakiyar farin. Kusa da kowane layi ya rubuta awonsa. Ga wasu da'irori biyu ƙanana da ya fara zanawa ya soke.

Na ɗauko rularsa na auna daga gefen akwatin zuwa kan ɗan baƙin kwalin nan. Sai da na auna sau biyu. Daidai da abin da ya rubuta.

"Mene ne, Kawu?"

"Miƙo min sukundireba."

Na kifa murfin, na ɗaure sukuru huɗun. Na juya fedar na ajiye a ƙasa. Na miƙa mata tsohuwar jitarsa. Ta zauna a bokitina, ta gyara tsirkiya biyu da suka saki, ta taka, ta kaɗa sau ɗaya ta bar shi.

Sautin ya taso a hankali, ya cika, ya ɗan tsaya, ya koma ƙasa. Bai mutu ba. Kafin ya ƙare sai ya sake tasowa. Babu inda za ka ce nan ya fara ko nan ya yanke.

Muka saurara har tsirkiyar ta gaji don kanta.

Na fahimci abin da ya yi, kuma na yi musu bayani. Fitila in tana kallon ido kai tsaye, dukansa take yi da haske, shi ya sa sauti ke yankewa. Sai ya hana su ganin juna. Hasken ya hau sama, ya taɓa farin nan, ya dawo wa idon a tausashe. Ya kuma zaɓo malalacin ido, wanda ba ya saurin yarda cewa duhu ya yi. Murfin ba rufi ba ne kawai, da shi aka haɗa opton. Feda ce da ba za ta taɓa yin aiki a buɗe ba. Don ya ji ta, dole ya ɗaure sukurun nan ya kwance, ya ɗaure ya kwance, da hannun da ba ya iya riƙe kofi.

Na ce, "Shi ya sa ya kore ni. Kada in gan shi yana rufe feda kafin gwaji."

Kaisa ta yi dariya, hawaye na zuba a kan jitar. Ta ce, "Da ka ba baƙi labari."

"Har in mutu."

Helmi ta ɗauki rular daga kan tebur, ta juya ta, ta ajiye. Ta ce, "Mutumin da ya kira ni Mama." Ta dubi Kaisa. "To. Na yi kuskure, 'yar nan. Ya san abin da yake yi." Ta ja kujerarsa ta zauna. "Sake bugawa."

Kaisa ta buga ɗaya daga waƙoƙin nan uku nasa, a hankali, ba yadda yake ɓata ta ba. Fedar na numfashi a ƙarƙashinta. Ni na ɗauki burodin kirfa na ci, na ƙara wani, na ƙara na uku. Rabona da jin yunwa tun Lahadi.

Ba ta tafi ranar ba, sai Litinin. Kafin ta shiga mota ta koma gareji, ta hau bokiti, ta sauko da shuɗiyar fedar nan daga kanta ta sama, ta hure ƙurar, ta sa ta a jaka kusa da sabuwar.

Ban ce Osmo bai ruɗe ba a ƙarshe. Ya ruɗe, Helmi ta gani, ni ma na gani. Makulli ya ɓace masa, ranaku suka ɓace masa, har fuskar yayarsa. Amma duk hantsin da kansa ya washe na awa ɗaya, ya san inda zai kai awar. Kuma bai manta kalma ɗaya daga abin da 'yarsa ta roƙa ba.

Helmi ta ce in kwashe kayan garejin yadda na ga dama. Na rarraba wa masu koyo mita da dalma da masu sauri. Gwangwanin malalata na kawo gida. Jiya jirgin ruwa na farko ya shigo ɗaukar hatsi, ƙanƙara ta buɗe. Na biya kantin magani na ɗauki kwalbar fentin farce, fara. Matar da ke kan kanta ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Irin wannan ya saya na ƙarshe. Na ce masa ya ɗauko ba daidai ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce in bar shi, ya san abin da ya zo nema."